Noman Kiristal a Cikin Kwalba: Masu Ninka Haske da Jarrabawar Gaskiya

A watan Agusta na 1961, mujallar Physical Review Letters ta buga wata gajeriyar takarda daga Jami'ar Mishigan ta Amurka. Peter Franken da abokan aikinsa uku sun samu lezar yaƙutu, irin wadda Theodore Maiman ya ƙera shekara guda kafin nan, suka tattara jan haskenta wuri ɗaya suka harba shi cikin ɗan yankin dutsen kwaz. Hasken da ya shiga ja ne, tsawon igiyarsa nanomita 694. Wanda ya fito ma yawancinsa jan ne, amma tare da shi akwai wani baƙon haske mai tsawon igiya nanomita 347, rabin na farko cif, wanda ido ba ya gani sai farantin hoto. Raunin hasken ya kai matuƙa, shi ya sa bai bar komai a kan farantin ba sai ɗan ɗigo. Da takardar ta isa maɗaba'a aka ɗauka ɗigon datti ne, aka share shi. Haka hoton ya fito da kibiya tana nuna fili fetal, a daidai inda ya kamata duniya ta ga shaidar haihuwar sabon fannin ilimi.

Abin da Franken ya gani yana da sauƙin fahimta. Haske igiya ce ta lantarki da maganaɗisu. Idan ya ratsa abu, yakan kaɗa ilektoron da ke jikin ƙwayoyin abin, su kuma su kaɗu daidai da yadda aka kaɗa su, su mayar da haske mai launi iri ɗaya. Wannan ita ce al'adar hasken rana da na fitila. Amma idan hasken ya yi ƙarfi kamar na leza, amsar ilektoron ba ta tafiya daidai wa daida da kiran. Duk wanda ya taɓa zama kusa da lasifika a wurin biki ya san yadda take yi idan aka ƙure ta: muryar mawaƙi takan fito da wasu ƙarin sautuka masu kaifi waɗanda shi bai furta ba. Haka abu yake yi wa haske mai ƙarfi. Daga cikin ƙarin amsoshin akwai wadda saurin kaɗawarta ya ninka na asali sau biyu, kuma ita ce ake kira ninkin haske na biyu.

Mai karatu ya riƙe wannan a hannunsa ko da bai sani ba. A cikin yawancin 'yan lezar nuni masu koren haske babu wata fitila kore. Akwai ƙaramar leza mai nanomita 808 da ke zuga wani kiristal ya ba da haske mai nanomita 1064, wanda ba a gani, sai wani ɗan kiristal mai suna KTP ya ninka shi zuwa 532, koren da ke sauka a kan allo. A can ƙarshen girma kuma akwai cibiyar gwajin haɗa ƙwayoyin nukiliya ta Livermore a Kalifoniya, inda ake bi da layukan leza 192 ta cikin faranti na kiristal KDP da ɗan'uwansa DKDP don mayar da nanomita 1053 zuwa 351. Natalia Zaitseva, wadda ta faro aikinta a Jami'ar Mosko, ita ce ta gyara hanyar da ake noma irin waɗannan ƙatti, masu nauyin fiye da kilo 300, cikin kimanin wata biyu maimakon shekara biyu.

Duk waɗannan gishiri ne da duwatsu, ba su da tushen kabon. To me ya kai masana ga sinadaran oganik, masu laushi, masu saurin narkewa, waɗanda wasunsu farce ma yana iya karce su?

Daga buhun taki zuwa ɗakin leza

Amsar ta fara da wani abu da kowane manomi ya sani: yuriya. Farin takin nan da ake watsa wa masara, idan aka tace shi tas, kiristal ɗinsa yana ninka haske kusan sau uku fiye da KDP, kuma yana barin haske ya wuce har kusan nanomita 200, can cikin yankin altirabayolet. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, ɗakin binciken C. L. Tang a Jami'ar Kornel ya yi aiki sosai a kansa. Sai dai wanda ya taɓa barin buhun yuriya a buɗe da damina ya san halinta: tana shan laima ta narke. A cikin ruwa kuma takan tsiro kamar allurai, dogaye sirara marasa amfani, dole sai an koma noma ta a cikin metanol, da wahala. Duk da haka har yau ita ce ma'aunin fannin. Idan aka ce sabon sinadari ya yi "ninki goma na yuriya", kowa ya gane.

Babban sirrin ya fito ne daga wasu molekul masu zoben benzin. A ɗauki para-naitiro'anilin. A gefe ɗaya na zoben akwai rukunin amino mai tura ilektoron, a ɗaya gefen akwai rukunin naitiro mai janye su, zoben kuma hanya ce da ilektoron ke zirga-zirga a kai cikin sauƙi. Idan haske ya kaɗa su ta wajen mai ja sai su tafi da gudu, idan ya kaɗa su ta wajen mai turawa sai su turje. Wannan rashin daidaito shi ne ainihin abin da ake nema. A 1977 Jean-Louis Oudar da Daniel Chemla a Faransa suka fitar da lissafin da ya bayyana shi, kuma daga nan masu haɗa sinadarai suka samu abin da mai aikin dutse ba shi da shi: damar zana molekul a takarda, su tsawaita hanyar, su ƙara ƙarfin mai turawa ko mai ja, sannan su haɗa shi a kwalba.

Nan ne aka ci karo da katanga. Molekul mai kai da wutsiya irin wannan, idan ya zo zama cikin kiristal, yakan kwanta da maƙwabcinsa kai da ƙafa, domin ɓangaren da ke da cajin ƙari yana son kusantar ɓangaren da ke da cajin ragi. Idan suka jeru haka, abin da ɗaya ya haifar ɗayan ya kashe shi. Masana suna cewa kiristal ɗin yana da cibiyar juyawa, kuma duk kiristal mai irin wannan cibiya ba ya ninka haske, komai ƙarfin molekul ɗinsa. Para-naitiro'anilin kanta haka take: jaruma a ɗaiɗaikunta, shiru a cikin kiristal. Kimanin kashi uku cikin huɗu na kiristal ɗin oganik haka suke zama.

Shekaru goma da suka biyo baya sun tafi ne wajen neman dabarar hana wannan kwanciya. A ɗakunan binciken Bell an liƙa wa zoben ɗan rukunin metil a gefe don ya tokare maƙwabci, aka samu MNA a 1979. Joseph Zyss da abokansa a Faransa sun bi wata hanya, suka zana POM, molekul wanda cajin kai da na wutsiyarsa suka kusa soke juna yana zaune, don haka babu abin da zai ja shi ya juya. Daga baya suka fito da NPP, inda suka ɗaura wa molekul ɗin wani guntu da aka samo daga amino asid. Hikimar ita ce, amino asid na jikin halitta masu hannu ɗaya ne, wato siffarsu ba ta hawa kan ta madubinsu, kuma kiristal da aka gina da masu hannu ɗaya zalla ba zai taɓa samun cibiyar juyawa ba. A ƙasar Sin, a Jami'ar Shandong, Xu Dong da Jiang Minhua da Tan Zhongke suka haɗa amino asid arjinin da fosforik asid a 1983, suka samu LAP, wanda ke jure bugun leza mai ƙarfi. A riƙe wannan batu na amino asid, zai dawo mana da rigima.

Ja mai ƙyallin kore

Sarkin wannan gida shi ne DAST. Seth Marder da Joseph Perry da William Schaefer na Caltech suka bayyana shi a mujallar Science a 1989, a lokacin da Hachiro Nakanishi da abokan aikinsa a Jafan su ma suke kan irin waɗannan gishirin. Dabarar a nan ita ce a mai da molekul ɗin gishiri: dogon molekul mai cajin ƙari, tare da abokin zama mai cajin ragi wanda ke shiga tsakani ya tilasta wa dogayen su fuskanci kusan waje ɗaya. Garin DAST ya ba da ninki kusan 1000 na yuriya. A ma'aunin da masana ke amfani da shi, ƙarfinsa ya kai kimanin pikomita 1000 a kowane bolt a nanomita 1318, alhali litiyom nayobet, dokin aikin masana'antar sadarwa, bai kai 30 ba.

A ido, kiristal ɗin DAST ɗan faranti ne, sau da yawa bai fi farcen yatsa ba. Idan ka ɗaga shi ga fitila ja ne wur, idan haske ya bugi fuskarsa ya dawo sai ya yi ƙyallin kore kamar ƙarfe. Wannan launi mai kyau shi ne kuma iyakarsa. Yana shanye duk hasken da ke ƙasa da kimanin nanomita 700, saboda haka ba zai ba ka kore ba, domin koren da ya haifa shi zai haɗiye. Doka ce da ta addabi fannin: gwargwadon yadda ka tsawaita hanyar ilektoron don ƙara ƙarfi, gwargwadon yadda sinadarin zai yi launi ya rufe ƙofa.

Kasuwarsa sai ta buɗe a wani waje. A 1992 X.-C. Zhang da abokansa suka nuna cewa idan aka bugi DAST da walƙiyar leza mai gajarta ƙwarai, yakan fitar da igiyoyin terahaz, waɗanda ke tsakanin infirared da igiyoyin maikirowef. Suna ratsa takarda da tufa da roba, ba sa ratsa ƙarfe, ruwa yana shanye su, kuma ba su da ƙarfin fasa ƙwayoyin jiki kamar eksire. Ɗakin Peter Günter a ETH Zurik ya shafe shekaru yana gyara noman DAST, ya fito da 'yan'uwansa DSTMS da OH1, har kamfanin Rainbow Photonics ya tsiro daga cikinsa yana sayar da su. A Cibiyar Paul Scherrer ta Suwizalan an yi amfani da waɗannan faranti wajen samar da bugun terahaz mai ƙarfin gaske don binciken maganaɗisu da motsin ƙwayoyi a cikin daskararrun abubuwa.

Yadda ake noman

Kalmar noma ta dace, domin har iri ake sakawa. Ana narkar da garin DAST a cikin metanol mai ɗumi har ruwan ya ƙoshi, ya ƙi karɓar ƙari. A tace shi, a zuba a kwalba, a rufe ruf, a tsoma kwalbar cikin kwamin ruwa wanda na'ura ke riƙe zafinsa kada ya motsa ko da kashi ɗaya cikin ɗari na digiri. Sai a rataya ɗan ƙanƙanen kiristal mai kyau a ciki, a fara sanyaya ruwan a hankali, ƙasa da digiri ɗaya a yini. Ruwan da ya huce ba ya iya riƙe abin da ya riƙe yana da ɗumi, don haka rarar takan fito ta hau kan irin, molekul bayan molekul, kowanne a gurbinsa. Aikin makonni ne.

Tsakanin ƙoshi da ambaliya akwai ɗan siririn fili, kuma duk gwanintar mai noma a cikinsa take. Idan ka tsaya a ciki, irinka kaɗai ke girma. Idan ka zarce, sai ƙananan ƙwayoyi su ɓarke ko'ina, a gindin kwalba da jikinta, su cinye abincin, ka wayi gari da tarin tsakuwa maimakon faranti guda. Idan girman ya yi sauri, fuskar kiristal takan rufe a kan ɗigon metanol, ya zauna a ciki kamar hazo, kuma ranar da leza ta bugi wurin nan zai tsage. Ƙura guda na iya zama iri na biyu. Girgizar ƙofa na iya tayar da ɓarkewar. Yankewar wuta na 'yan sa'o'i na iya rusa aikin wata guda, abin da duk mai bincike a ƙasashenmu zai fara tunani a kai kafin komai. DAST kuma yana da maƙiyi na musamman: ruwa. Idan laima ta shiga metanol ɗin, abin da zai tsiro shi ne wani kiristal mai launin ruwan lemo, mai ɗauke da ruwa a jikinsa, mai cibiyar juyawa, wanda ba ya ninka komai.

A Jami'ar Osaka, Yusuke Mori da Takatomo Sasaki sun fito da wata dabara mai ban sha'awa. Sun lura cewa kiristal da ya tsiro da kansa ya fi wanda aka ɗaure a kan iri tsabta, matsalar ita ce yakan manne a gindin kwalba. Sai suka jingina wani faranti na Teflon mai kwarurruka a cikin ruwan. Ƙwayoyin suna tsirowa a kan gangaren, idan suka yi nauyi su zame su faɗa kwari su tsaya a tsaye, manyan fuskokinsu biyu suna shan ruwa a sake. A Indiya kuma, a 2005, K. Sankaranarayanan da P. Ramasamy suka gabatar da hanyar da ke ɗauke da sunansu: doguwar kwalba mai tsinin gindi, iri a ƙasa, zoben ɗumama a sama, kiristal yana hawa ta fuska ɗaya tak wadda aka zaɓa. Da ita aka noma sandar benzofinon da ta haura mita ɗaya. Akwai kuma noma daga narkakken sinadari, da noma daga tururi, amma sinadaran oganik da yawa sukan lalace kafin ko daidai lokacin narkewa, shi ya sa hanyar ruwa ta fi yawa.

Bayan girbi akwai sauran aiki. Kiristal ɗin oganik yana da laushi da saurin tsagewa, ruwan da ake goge sauran duwatsu da shi yana iya cin fuskarsa, kuma ba ya watsar da zafi da sauri. Wannan, fiye da komai, shi ya hana shi ƙwace kasuwa daga hannun KTP da litiyom nayobet da wani kiristal mai suna BBO.

Me ka noma?

A ganina, tambaya mafi nauyi a fannin nan ba "nawa ne ƙarfinsa" ba ce. Ita ce wannan: abin da ya fito daga kwalbar, mene ne shi?

Mai amsa ta shi ne eksire. Ana ɗora ɗan ɓarɓashin kiristal, ƙasa da rabin milimita, a kan tsinin allura, a haska shi ana juya shi, a tattara dubban ɗigogin da ya watsar, kwamfuta ta lissafa inda kowane atom yake zaune. Daga nan ake sanin ko wane molekul ne, yaya suka jeru, akwai cibiyar juyawa ko babu. Sannan a gwada ma'aunan da taskar bayanai ta Kambirij, wadda ta haura tsarin kiristal miliyan ɗaya a 2019, a ga ko wani ya riga ya san shi. Wani gwajin eksire mai kaifi yana duba ingancin jerin: a karkata kiristal a hankali a ga faɗin kusurwar da yake mayar da haske. Mai kyau yakan ba da tsini ɗaya siriri, faɗinsa 'yan gomomin daƙiƙar kusurwa, daƙiƙa ɗaya kuwa kashi ɗaya ce cikin 3600 na digiri. Idan tsinin ya rabu biyu, to a ciki akwai yankuna biyu da suka ɗan kauce wa juna. Sauran gwaje-gwajen suna biyo baya: infirared don gane rukunan sinadari, auna launukan da yake bari su wuce, ɗumama shi a ga inda zai narke ko ya ruɓe, danna shi da tsinin daimon a auna tauri, da ƙara masa ƙarfin leza har sai ya ƙone.

Gwajin ninkin kansa yakan fara da hanyar da S. K. Kurtz da T. T. Perry na Bell suka fitar a 1968. A niƙa kiristal, a tankaɗe shi gida-gida bisa girman ƙwaya, a matse garin tsakanin gilasai biyu, a buge shi da leza mai nanomita 1064, a auna koren da ya fito a gwada da na yuriya ko KDP. Idan hasken yana ƙaruwa da girman ƙwaya har ya tsaya a sama, alama ce za a iya samun kusurwar da hasken asali da ninkinsa za su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa a cikin kiristal, sharaɗin da babu amfani sai da shi. Idan ya hau ya sauko, babu. Gwajin tankaɗe ne, na ware tsaba daga ƙaiƙayi. Ainihin lambobin sai an yanka faranti an goge shi an auna.

Yanzu a dawo kan amino asid. Suna da araha, suna narkewa a ruwa, kuma masu hannu ɗaya sun ba da tabbacin rashin cibiyar juyawa. Sai hanya ta buɗe wa wani irin bincike mai sauƙi: a haɗa amino asid da wani gishiri ko asid a kofin gilashi, a rufe da takarda mai huji, a ajiye ruwan ya bushe a hankali, a tsince abin da ya tsiro, a raɗa masa suna daga abubuwan da aka zuba, a buga takarda. Ɗaruruwan takardu sun fito ta wannan hanya. A 2010 Michel Fleck na Jami'ar Biyana da Aram Petrosyan na Armeniya suka buga nazari a Journal of Crystal Growth, inda suka nuna cewa da yawa daga cikin waɗannan "sababbin" kiristal ba sababbi ba ne. Wasu amino asid ɗin ne zalla ya sake fitowa, wasu gishirin ne, wasu kuma sanannun mahaɗai ne da aka sake wa suna. Bikshandarkoil Srinivasan na Jami'ar Goa a Indiya ya ɗauki wannan aiki da gaske, yana maimaita girke-girken ɗaya bayan ɗaya yana rubuta gyara. Kama da wane ba ta wane.

Gilaisin ya fi kowa ruɗar mutane. Shi kaɗai ne cikin amino asid ashirin na furotin ba mai hannu ɗaya ba. A ruwa zalla yakan fito a siffar alfa, mai cibiyar juyawa, wadda ba ta ninka haske. Amma idan akwai wasu gishiri a ruwan, kamar gishirin miya, yakan fito a siffar gama, wadda ba ta da cibiyar kuma tana ba da kore. Mai bincike ya zuba gishiri, ya ga kiristal mai sabuwar siffa, ya ga kore a gwajin gari, sai ya yanke cewa gishirin ya shiga ciki. Alhali gishirin yana nan cikin ruwa, abin da ya yi kawai shi ne sauya wa gilaisin zama. Akwai ma takardun da suka ba da tsari mai cibiyar juyawa a shafi ɗaya, suka ba da ƙarfin ninki a shafi na gaba, abubuwa biyu da ba sa haɗuwa.

Abin yana damuna, domin ɓarnar ba ta tsaya kan takarda ba. Ɗalibi yakan ɗauki irin wannan rahoto ya gina digirinsa a kai, ya ɓata shekara yana auna tauri da zafi na abin da babu shi. Kuma sauƙin da ya jawo wannan kuskure shi ne dai abin da ya sa fannin ya dace da jami'o'i masu ƙaramin kasafi, har da namu: kofin gilashi, ma'auni, sinadari mai tsabta da haƙuri sun isa a fara. Wanda ba shi da na'urar eksire zai iya aika ɓarɓashi inda take, kuma kafin sakamako ya dawo akwai abin da zai iya yi da kayan da ke gabansa. Lokacin da Srinivasan da abokansa suka sake duba kiristal da aka ce haɗin yuriya ne da tiyoyuriya, sun tarar tiyoyuriya ce zalla, domin ita ce mai ƙarancin narkewa a ruwa, ita ke riga fitowa ta bar yuriya a narke. Idan aka ɗumama su, yuriya tana narkewa a digiri 133, tiyoyuriya a kusan 180. Ɗan bututun gilashi, ma'aunin zafi, da hoton infirared da aka ajiye kusa da na sinadaran da aka fara zubawa sun isa su nuna wace ce ta fito daga kofin.